Ranar da ake liƙe tulun weka

Assalamu alaikum, ɗiyata. Saƙonki ya iso ranar Laraba bayan la'asar. Ƙanenki ya kunna mini shi sau biyu a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, domin a karon farko muryarki kawai nake saurare, ban bi maganar ba. Muna nan lafiya, babanki ya ji sauƙin ƙafar har yana zuwa masallaci da kansa. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, Allah Ya ƙara zaunar da ku lafiya. Na ce wa yaron ya zauna ya rubuta duk abin da zan faɗa, kada ya rage ko kalma, saboda amsar ta fi ƙarfin saƙon murya ɗaya.

Abu biyu kika tambaya. Kin ce kin ba wata maƙwabciyarki a nan Makka labarin yadda Inna, kakarki, Allah Ya jiƙanta, take liƙe bakin tulun weka, busasshiyar kuɓewa ke nan, da yumɓu ranar da ɗanyar kuɓewa ta fara shigowa gida, ba a sake taɓa shi sai sanyi ya sauka, da yadda duk abin da gona ta fara bayarwa sai an miƙa wa ƙaramin yaron gida kafin babba ya kai baki. Ita kuma ta ce miki camfi ne, ki bar shi. Sannan kin ce a can babu damina babu rani a cikin kanti, tumatir da kuɓewa da mangwaro suna nan wata goma sha biyu, amma duk da haka kullum kina tsaye a kicin kin rasa abin da za ki ɗora, daga shinkafa da kaza sai kaza da shinkafa.

Bari in fara cire miki nauyin da ke zuciyarki. Ba wa ƙaramin yaro 'ya'yan fari na gona ba camfi ba ne. Malamanmu sun karantar da shi a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, daga Abu Huraira: mutanen Madina idan suka ga 'ya'yan itace na farko sun nuna, sai su kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓa ya roƙa musu albarka a cikin 'ya'yan itacensu da garinsu da sa'insu da mudunsu, sa'an nan ya kira mafi ƙanƙantar yaron da ya gani ya ba shi. Inna ba ta iya karatun littafi ba, amma abin da take yi ke nan. Ke kanki kin ci wannan rabon shekara huɗu kafin a haifi ƙanenki. Ina ganinki har yanzu, kina zaune a bakin turmi da gasasshiyar masarar farko, kin riƙe ta hannu biyu, manya suna jira ki gutsura. Ki gaya wa maƙwabciyar taki cikin ladabi, kada ki yi musu da ita. Wataƙila ba ta taɓa ji ba.

Maganar tulu kuwa babu addini a ciki, babu aljani a ciki. Lissafin gida ne, kuma sai na kai shekara talatin kafin na gane shi sosai.

Kin san iskar karif, wato damina, a nan Sinnar ta ƙasar Sudan. Daga Yuli zuwa Satumba gishiri ma jiƙewa yake yi a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa. Garin busasshiyar kuɓewa ya fi gishiri shan laima. Idan kina buɗe tulun safe da yamma a wannan lokaci, kafin wata guda zai dunƙule, ya yi warin ruma, yauƙinsa ya mutu, ƙwari su shiga. To me zai sa ki buɗe, alhali ga ɗanya a bayan gida tana fitowa kullum, idan kin kwana biyu ba ki tsinka ba ma ta tsufa a jikin uwarta? Wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyun ya fi nauyi. Ranar da kuɓewar farko ta shigo, babu wanda ya san yadda daminar za ta ƙare. Ruwa yana iya ɗaukewa, fara tana iya sauka, kogi yana iya cinye gonar bakin gaɓa. Abin da ya rage a tulun nan shi ne miyar gidan idan shekara ta ƙi. A 1984, da ruwa ya ƙi sauka, mutanen yamma suka yi ta kwararowa har bakin Umdurman da yunwa, kuɓewarmu ta bushe tun tana fure. Weka ta bara da Inna ta liƙe ita ta kai mu har wata daminar, ana auna ta da ƙaramin cokali. Ban ƙara tambayarta dalili ba daga wannan shekarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka take cewa idan ɗaya daga cikinmu ta yi ƙorafin yankan kuɓewa.

Na sake ganin haka da idona a daminar 2024, lokacin kina Fot Sudan kina jiran takardunki. Da yaƙi ya datse hanyoyin Sinnar, kasuwa ta zama fili, albasa ɗaya ta gagari mai kuɗi. Gidan nan ya cika da 'yan'uwan da suka gudo daga Madani da Sinja, har a zaure ana kwana. Abin da muka ci: asida, tuwon nan ƙasar, da weka, da busasshen tumatir, da soyayyar albasar da na shanya da rani, da ɗan kajek, busasshen kifin nan da babanki ya ajiye. Yara kuma suna fita bayan gari su ciro tafasa da lalo da rijla. A shekarar na fasa yumɓun tulun da hannuna tun ruwa bai ɗauke ba, ban ji na karya wata al'ada ba, domin saboda irin wannan rana aka liƙe shi.

Yanzu ga maganar abin da za ki dafa. Ɗiyata, mu ba mu taɓa tsayawa muna tunanin wace miya za a yi yau ba. Ba don mun fi ku basira ba. Gona da kasuwa ne suke yanke mana, mu dai mu bi. Inda komai yake nan kullum, dole kai ya ɗaure, shi ya sa kike komawa kan abu ɗaya.

Ki tuna safiyar damina a gidan nan. Ina fita da ƙwarya bayan sallar asuba, raɓa tana jiƙa mini bakin zane. Ba na tsinkar kuɓewar da ta wuce tsawon ɗan yatsa. Ki kama wutsiyarta ki lanƙwasa: idan ta ɓalle ƙas, ta miya ce, idan ta lanƙwashe ta ƙi karyewa, ta tsufa, ki bar ta ta zama iri. A wanke ta tun ba a yanka ba, a bar ta ta tsane a faifai, domin idan kika wanke bayan yanka kin zubar da yauƙin a ƙasa. Ruwan nama ko na ƙashi ko na kan kifi yana tafasa a kan kanun, murhun gawayi, da albasa ɗaya da daddawa. Ki zuba kuɓewar, ki jefa atrun, kanwarmu ke nan, kamar ƙwayar gero biyu ko uku, kada ki wuce, yawanta yana sa miya ɗaci da baƙi. Kada ki rufe tukunyar. Idan ta yi laushi ki sauke, ki sa maburgi, mufraka da Larabawa ke faɗi, ki murza shi tsakanin tafukanki har ta haɗe. Tafarnuwa da kasbara da kika daka su shiga a ƙarshe. Daga ɗorawa zuwa saukewa bai kai lokacin da tuwo zai sulala ba. Miyar tana fitowa kore shar, kina ɗaga loma tana bin hannunki. Duk abubuwan da na sa a ciki ba su wuce guda bakwai ba, kuma babanki yana shan ta har ya side kwano.

Washegari lalo, wanda ake kira kudra a kasuwa. Jibi kwaɗon zogale ko na rama da dakwa da albasa da ɗan barkono da lemun tsami. Kuma lokacin ne shanu suke ƙoshi, makiyaya suna shigo da tsala mai arha, sai a yi mulah rob: tsala a wuta, ana juyawa ba tsayawa don kada ta tsinke, da dakwa kaɗan da soyayyar albasa. Ki lura duk waɗannan ba su son dogon wuta, ba su son kayan ƙamshi da yawa. Abin da aka tsinko yau ɗanɗanonsa yana jikinsa. Abin da ya kwana goma a mota da firji shi ne yake neman a rufe shi da dunƙulen magi uku.

Tafasa kuwa ta fi a raina ta. Mu kwaɗo muke yi da ƙananan ganyenta. Daga matan Darfur da muka yi maƙwabtaka da su na koyi kawal: a daka ɗanyen ganyen, a danna shi a cikin tulu, a rufe da ganyen dawa, a binne tulun a inuwa bakinsa a waje, ana buɗewa ana juyawa bayan 'yan kwanaki, har kusan mako biyu. Sai a dunƙula a shanya. Warinsa yana korar baƙo, na sani, kina gudu ɗaki idan na fito da shi. Amma ranar da babu nama, shi ne naman miya. Su kuma suna da abin da suke kira furundu, da na duba sai na ga daddawar batsonmu ce, ta 'ya'yan yakuwa. Inna takan ce kakarta ta taso daga ƙasar Sakkwato da irin yakuwa da na kuɓewa ƙulle a bakin zane, cikin ayarin da ya biyo gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka zauna tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru a bakin wannan kogi, Shuɗin Nilu. Makka suka nufa. Suka tsaya su yi noman shekara ɗaya ko biyu su sami guzuri, daga baya aka gama madatsar Sinnar a 1925, aikin audugar Jazira ya buɗe, zama ya miƙe. Ɗorawa ba ta samuwa a nan kamar yadda take a can, sai suka riƙe daddawar batso. Ba su tarar da duk abin da suka saba da shi ba, suka duba abin da ƙasar ke bayarwa suka ɗora tukunya a kai. Ke da kika ƙarasa musu tafiyar, abin da ake nema a wurinki bai wuce wannan ba.

Lokacin da na fi so a shekara shi ne kaka, darat a bakin mutanen nan, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Gida ba ya zama. Ga tumun sabon gero a wuta, ga dafaffiyar ɗanyar gyaɗa, ga takanɗa yara suna sha har leɓensu ya tsage, ga kabewa an jere a kan rufin ɗaki. Miyar taushe ta wannan lokacin, da sabuwar kabewa da sabuwar gyaɗa da ɗan ganyen yakuwa, ba ta da na biyu, kuma tuwon sabuwar dawa yana da wani ƙamshi da ba ya kai wata biyu. Amma aikin gaske shi ne shanya. Mukan zauna mu biyar ko shida a kan tabarma bayan fatur, wato karin kumallo, kowace da wuƙarta, ana yanka kuɓewa sirara kamar kwabo. A baza ta ɗaiɗai, kada wata ta hau wata, a juya da rana, a kwashe kafin magariba saboda raɓa. Idan kika damƙa kika ji tana ƙara kamar tsakuwa a gora, ta yi. Ba na daka ta duka. Ina ajiye ta a yanke, in daka na mako ɗaya ko biyu, domin gari ya fi saurin sanewa. Wadda ake kawowa daga wajen Gadarif, sara, mai fitowa da kanta a daji, ta fi tamu yauƙi, nakan haɗa kaɗan a ciki. Sai an gama cika tulu da sabuwa, sanyi ya sauka, ɗanya ta ja baya, sannan a fasa yumɓun tsohuwar a fara da ita. Kin ga iyakar sirrin.

Da hunturu kogi ya janye, ana shuka a kan laka a bakin gaɓa, jarf, ko da yake tun da Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020 cikar kogin da janyewarsa sun sauya, manoman gaɓa suna ta sake lissafi. Lokacin tumatir ke nan, har mai sayarwa ya roƙe ki ki ɗauka. A ci shi ɗanye da dakwa da ganyen jirjir da ajjur, kokwambar nan ƙasar, a soya aswad, baƙin gauta, a kwaɓa, a dafa karfasa da shi. Rarar kuma a tsaga a barbaɗa gishiri a shanya, domin watan da zai yi tsada yana tafe. Bazara ba ta da dogon bayani. Zafi ne, sai abin tulu da abin sha: miyar tagaliya da sharmut, busasshen nama ke nan, miyar kuka, kunun tsamiya, jiƙon gongoles, wato 'ya'yan kuka, zoɓo, godo-godo da nono, mangwaro idan ya faɗo. Azumi kuwa yana zagaya duka waɗannan, yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Na yi azumi a cikin ruwa, na yi a cikin sanyi, na yi a tsakiyar zafi, kuma siniyar buɗa-baki ba ta taɓa zama iri ɗaya ba, in ban da hilu-mur, abin shan nan na tsiron dawa, da dabino.

Za ki ce, Gwaggo, wannan duk Sinnar ce, ni ina hawa na uku, ko tukunyar fure ba ni da wurin ajiyewa. Na ji. Amma kada kanti ya ruɗe ki ki ɗauka ƙasar Hijaz ba ta da lokuta. Tana da su, an dai ɓoye miki su a bayan gilashi. Shekarar da na yi aikin Hajji na zauna wajen danginmu a Shara Mansur, wata tsohuwa Bakatsiniya da aka haifa a can ta ɗauke ni zuwa halaka, babbar kasuwar kayan lambu ta Ka'akiyya, da sassafe. A can na ga abin da na sani. Abin da lokacinsa ya yi shi ne ake tarawa tsibi a gaba, shi ake kira da ƙarfi, shi ne mai arha, kuma shi ne kike jin ƙamshinsa tun ba ki sunkuya ba. Abin da aka jera guda shida a cikin leda da takarda a manne, daga nesa ya zo. Ki roƙi maigidanki ya kai ki ranar hutunsa, ko sau biyu a wata. Ki tambayi mai kaya, baladi ne, wato na ƙasar nan? Daga ina? Kada ki ji kunya, su ma sun fi ganin girman mai tambaya. Za ki ga mangwaron Jizan yana shigowa da bazara, ɗanyen dabino a tsakiyar zafi, inabi da ɓaure daga Ɗa'if, rumman ɗinta kuma wajen ƙarshen zafi. Kuɓewa da lalo 'yan zafi ne a can kamar yadda suke a nan, ganyaye da tumatir sun fi kyau da sanyi. Shekara ɗaya kawai ki yi kina lura, ta biyu ba sai kin tambayi kowa ba.

Kada ki fita da sunan miya a kanki. Ki je ki ga abin da ya yi yawa, ki sayo shi, a hanya miyar za ta zo miki. In kabewa ce, taushe. In lalo ne, kin san hanya. In tumatir ya faɗi, ki ɗauki kwali guda. Gero da dawa da kuka da daddawa duk suna wurin mutanenmu a Shara Mansur, ba ki da uzurin rabuwa da tuwo. Ban ce ki daina shinkafa ba, kina cikin mutanen shinkafa, kuma ki zauna kusa da surukarki ki koyi salik da bukari, dahuwar shinkafarsu, yadda take yi, wannan haƙƙin gidan da kika shiga ne. Amma kwana biyu ko uku a mako ki tuƙa, ki yi miya ɗaya mai kyau, ku zauna a ƙasa ku ci a siniya ɗaya. Mutum biyu ba sa bukatar kala uku. Kuma idan kin sauke, ki zuba kwano guda ki aika wa maƙwabciyar nan. Kwanon ba zai dawo miki wayam ba, ta nan za ki san abincin mutanen da kike zaune da su.

Za ki tambaya ko firiza ba ta wadatar ba. Ba na faɗa da firiza, da muna da wuta tsayayya da na yi amfani da ita. Lalo da aka yanka yana zama lafiya a ciki, haka tumatir da aka markaɗa aka dafa. Sai dai kuɓewar firiza ba ta zama weka, miyarsu ma ba ɗaya ba ce, kuma abin da aka shanya ba ya jiran wuta, ba ya jin tafiya, mun ga amfanin haka. Ranar Makka kuwa ta fi tamu zafi da bushewa. Ki nemi izinin mai gidan ku hau saman bene, ki shimfiɗa tsohon zane mai tsabta, ki baza, ki rufe da gidan sauro saboda tantabarun garin da ƙura. Kwana biyu zuwa uku ta gama. Ba ki da tulu da yumɓu, kwalbar gilashi mai murfi ta isa, ki ajiye ta nesa da tururin tukunya.

Wata daga cikin matan unguwarmu za ta taso Umra ta Fot Sudan bayan sati uku, in Allah Ya yarda. Na ɗaure miki weka ta bana rabin malwa, mudun nan ƙasar, a yanke, ba a daka ba, da daddawar batso, da kawal dunƙule biyar a cikin leda uku don kada ya dami mutane a jirgi, da kwalbar man riɗi na matsar raƙumi. Na sa miki maburgin Inna, wanda bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Akwai kuma ɗan ƙulli a cikin farin ƙyalle, irin kuɓewarmu ne. Ki sami bokiti biyu ki huda ƙasansu, ki ajiye a saman benen inda rana ba ta dukansu da azahar, ki riƙa ba su ruwa safe da yamma, cikin wata biyu za ki ga fure. Ta farkon da ta fito, tunda Allah bai kawo naki ba tukuna, ki duba ƙaramin yaron da ke cikin benen naku ki dafa masa. Idan kun je halaka ranar Asabar ki kira ni, ki faɗa mini abin da kika tarar an tara a gaba.

Gwaggonki.